Restitution: tara ce, diyya ce, ko biyan ɓarna?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ina so mu tsaya a kan kalma ɗaya ga abin da kotunan Amurka ke kira restitution, domin masu fassara labarai kowa da tasa: wannan ya ce tara, wancan ya ce diyya. Shari'ar Harvey Updyke za ta warware mana, don haka bari in fara da ita.

A jihar Alabama akwai jami'o'i biyu da ba sa ga maciji da juna a wasan ƙwallon Amurka, wato Jami'ar Alabama da Jami'ar Auburn. A karawarsu ta Nuwamban 2010 Alabama ta yi gaba da maki 24 ba ko ɗaya, sai Auburn ta farfaɗo ta cinye wasan 28 da 27, kuma har gidan Alabama ta je ta yi mata haka. Updyke, tsohon ɗan sandan jihar Texas, ya mutu a kan son Alabama. Abin ya ci masa rai, ya nufi wata kusurwa da ake kira Toomer's Corner a bakin Jami'ar Auburn, inda wasu tsofaffin bishiyoyin oak biyu suke. Al'adar 'yan Auburn ce duk ranar da suka yi nasara su taru a nan su yi ta jefa tishu a kan rassan har su yi fari fat. Ya zuba maganin kashe tsirrai mai suna Spike 80DF a gindinsu. Ba wanda ya gan shi. Shi da bakinsa ya buga waya shirin rediyon Paul Finebaum a Janairun 2011, da sunan bogi, yana alfahari da abin da ya aikata.

Masana sun yi iya ƙoƙarinsu, har ƙasar gindin aka kwashe aka sauya, amma gubar ta riga ta shiga saiwa. A Afrilun 2013 aka sare bishiyoyin. Shi kuwa ya amsa laifinsa, ya yi zaman gidan yari, sannan alƙali ya ɗora masa biyan Jami'ar Auburn kusan dala 800,000, dala 500 kowane wata. Wannan kuɗin shi ne restitution.

To, tara dai a cire ta tun yanzu. Tara horo ce, baitulmalin gwamnati take shiga, kuma ba ruwanta da girman asarar wanda aka cuta. Wanda ya karanta "an ci shi tarar dala 800,000" zai ɗauka jihar Alabama ce za ta karɓe kuɗin, alhali na jami'ar ne.

Diyya ce ta fi ba ni aiki, kuma masu goyon bayanta suna da hujja. Kuɗi ne da ke zuwa hannun wanda aka zalunta, kunnen kowa kuma ya saba da ita. Amma asalinta na jini ne. Diyyar rai tana nan a Suratun Nisa'i aya ta 92, malamai kuma sun yi bayanin raƙuma 100 da diyyar gaɓoɓi. Daga baya muka ɗora mata kaya iri-iri: gwamnati ta rushe gida don hanya, diyya, kamfanin inshora ya biya, diyya, ana neman haƙƙin cinikin bayi, nan ma diyya. A yawancin waɗannan babu mai laifi da aka hukunta. Idan muka ƙara mata wannan, mai karatu ba zai gane cewa kuɗin wani ɓangare ne na hukuncin laifi ba, wanda in mutum ya ƙi biya da gangan za a iya sake gurfanar da shi gaban alƙali.

Ramuwa kuwa tana da ƙanshin gayya, fansa ta karɓo wanda aka tsare ce. Ranko yana kusa, sai dai hankalin mutane azumi yake tafiya.

Abin da nake ba da shawara shi ne biyan ɓarna, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san shi. Shanu su faɗa gonar gero da daddare, da safe mai gona ya kai ƙara wurin mai gari, a tura dattawa su zaga gonar, su duba zangarniyar da aka cinye da karan da aka tattake, su ce dami kaza ne. Mai shanu ya biya mai gona, ba mai gari ba, kuma gwargwadon abin da ya lalace. Duk sharuɗɗan suna ciki: akwai wanda ya yi ɓarna, akwai mai hukunci, akwai ƙiyasi, akwai mai haƙƙi. Kuɗin kansa sai mu ce kuɗin ɓarna.

Na yarda akwai inda ba zai shiga ba. In sata ce aka ce ɓarawo ya dawo da abin da ya ɗauka, mayar da haƙƙi ya fi dacewa. Amma duk inda aka fasa, aka ƙona, aka lalata, biyan ɓarna ya isa.

Kalmar tana kuma ba mu damar faɗin sauran labarin daidai. A dala 500 kowane wata, sai Updyke ya shekara sama da 130 kafin ya gama. Ya rasu a Yulin 2020, abin da ya biya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mai rubuta kanun labarin sai ya ce: mutumin da ya kashe bishiyoyin Auburn ya rasu bai gama biyan ɓarna ba.