Wane bidiyo kuke so na yi muku kan kwamfuta da kayan lantarkin gida?

Ɗan_Sukudireba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata gyaran laftof ce a nan Kano, kuma ina da 'yar ƙaramar tasha a YouTube da nake saka bidiyo da Hausa kan kwamfuta da wayoyi. Abin da ya ɗaure min kai yanzu shi ne me zan ɗauka nan gaba, don na lura duk bidiyon da na yi na buɗe sabon kaya daga kwali mutane kallo kawai suke su ce masha Allah su wuce, amma da na saka wani gajere inda na cire tsohon diskin ajiya, wato HDD, na sa SSD mai sauri a wata tsohuwar HP EliteBook 840 G3, wlh tambayoyi suka yi ta shigowa har na kasa amsa wasu. A raina ina so na haɗa kwamfutar gem tun daga farko a gaban kyamara, ina kuma so na kwatanta furosesar Intel da ta AMD, sai wani abokina ya ce na bar wannan na koma kan sola da inbata tunda shi ne damuwar kowa. To ku ne masu kallo, me kuke so ku gani? Kuma tsawon minti nawa za ku iya jurewa? Ku faɗa min gaskiya dan Allah, ba sai an lallaɓa ni ba.

Baban_Ilham

Wa alaikumus salam malam, Allah ya ƙara basira. Tunda ka ce kar a lallaɓa ka to ga shi: ka bar buɗe kwali. Mu nawa ne a cikinmu muke sayen sabuwar laftof a kwali? Yawancinmu ta hannu muke saye, ko a Farm Center ko titin Beirut, ko a turo mana daga Computer Village a Ikeja, na Abuja su leƙa Banex. Bidiyon da babu shi da Hausa, kuma da ni ne kai shi zan fara yi, shi ne yadda mutum zai duba laftof ta hannu a tsaye a gaban mai shago kafin ya tura kuɗi.

Abu na farko da za ka wayar wa mutane kai shi ne wannan maganar ta "Core i7 ce". Mutum ya ga sitika an rubuta i7 shikenan hankalinsa ya tashi, bai san akwai zubi-zubi ba. Ka nuna musu lambar da ke bayan layin, i7-6600U zubi na 6 ce kuma kwa biyu gare ta (kwa su ne sassan furosesa da suke raba aiki tsakaninsu), i5-8250U kuma zubi na 8 ce mai kwa huɗu, wato wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ka je ka ga yadda ake tsuga wa mai i7 kuɗi saboda sitika kawai. Kuma maganar ta ƙara nauyi yanzu tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida, in furosesar Intel ce, sai zubi na 8 zuwa sama da TPM 2.0, wato wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfutar. To ita wannan 840 G3 ɗin da ka yi bidiyo a kanta zubi na 6 ce, ba ta cikin lissafi, G5 ce ta shiga, haka Dell Latitude 7490 da ThinkPad T480, in dai masu zubi na 8 ne. Na san akwai dabarar da ake yi a tura Windows 11 kan tsofaffi da ƙarfin tsiya, ka faɗa wa mutane akwai ta, amma ka faɗa musu ba hanyar da kamfanin ya yarda da ita ba ce.

Sai batir. Ka ɗauko sikirin ɗinka kusa-kusa ka rubuta powercfg /batteryreport a gani, ka nuna inda aka rubuta ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage masa yanzu, don mai shago zai ce maka yana awa huɗu, kai kuma ba za ka zauna awa huɗu a shagonsa ka tabbatar ba. Ka nuna manhajar CrystalDiskInfo yadda take faɗin lafiyar diski da awannin da ya yi yana aiki. Ka sa farin hoto ya cika sikirin a ga ko akwai tabo, a buɗe Notepad a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a soka filas a kowace kafa, a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, a tabbatar ba a kulle da lambar sirri ba, a jijjiga murfin a ji ko hinjin ya saki. Wani ƙanina ya taɓa sayo wata tsaf-tsaf kamar sabuwa, yana haɗa ta da intanet sai ga sunan wani kamfanin waje ya fito yana neman a shiga da akawun ɗin ma'aikaci, mai shagon kuma ya ce ai shi lafiya ƙalau ya ba shi. Don haka ka ce musu a haɗa da intanet tun a shagon.

Maman_Walid

Sannu da ƙoƙari malam. Ni kam ban san su kwa biyu kwa huɗu ba, abin da ya dame ni wuta ce. Ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo a gida, firiza ce jarina, kuma ina son sa sola amma duk wanda na tambaya lissafinsa daban, wannan ya ce fanel huɗu wancan ya ce takwas, wani ya ce batirin ruwa wani ya ce lithium ko ba komai, kuma kowa da nasa kayan da yake son sayar min. Dan Allah ka yi mana bidiyo a cikin gida na gaske, ba a shago ba, ka bi kaya ɗaya-ɗaya ka auna nawa kowanne yake ja, fanka, talabijin, firiza, dutsen guga. Kuma ka yi bayani kamar kana yi wa babarka, kar ka cika mu da turanci. Sannan wannan abin da ake soka wa firiza don kar wuta ta ƙona ta in an kawo da ƙarfi, da gaske yana aiki ko cin kuɗi ne? Mata da yawa suna kallon irin wannan fa, ba ma magana ne kawai.

Mai_Sola_Kaduna

Hajiya bari na ɗan taɓa miki kafin mai tasha ya yi bidiyon, kai kuma malam ka ɗauka a matsayin shawarata. Lissafin ba wuya gare shi ba, ɓoye shi ake yi. Batirin ruwa mai 200Ah 12V, in kin ninka 200 sau 12 zai ba ki wat-awa 2400 a takarda, amma irin wannan batirin ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saura 1200 kenan, inbata ma ta ci nata ladan, abin da zai zo hannunki bai wuce 1000 da ɗan wani abu ba. In kayan da kika kunna suna jan wat 200 gaba ɗaya, awa biyar kenan ko kusa da haka. To a nan rigima take farawa, an ce wa mutum batir ɗaya zai kai shi asuba da firiza da fanka uku, bayan 'yan watanni batir ya mutu a ce ai jabu ne, alhali zuƙe shi ake yi har ƙasa kullum. Shi lithium, irin LiFePO4, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, shi ya sa tsadarsa ta farko take da dalili.

Firiza kuma tana da hali, lokacin da kwamfuresa zai tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ja in ya daidaita, don haka ƙaramar inbata sai ta yi ƙara ta ɗauke ko da lissafin wat ya nuna ta isa. Dutsen guga da hita ki cire su daga maganar batir gaba ɗaya, guga kaɗai yana kai wat 1000. Abin da kika tambaya na kariya yana aiki in na kirki ne, aikinsa ya yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa da yawa, ya kuma jira 'yan mintuna kafin ya sake ba firizar, wannan jiran shi ne yake ceton kwamfuresa ranar da ake kawowa ana ɗaukewa. Amma ba ya ɗaga wuta mara ƙarfi, wannan aikin sitabilaiza ne.

Malam ka sayi 'yar mitar nan da ake sokawa a soket tana nuna wat, ka yi jerin bidiyo da ita. Tun da aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 mutane suka fara son sanin me ke cinye musu kati. Ka gwada fankar AC mai aiki da wutar NEPA da ta DC mai aiki da wutar batir gefe da gefe, ka gwada kwanturolar cajin batir iri biyu, PWM da MPPT, a fanel iri ɗaya rana ɗaya, ka kuma nuna fanel da ƙurar hunturu ta rufe da wanda aka goge, lambar ta fito a sikirin kowa ya gani da idonsa.

Abba_FC

Haba jama'a, kowa sola sola, tashar kwamfuta ce fa ba ta masu wayarin ba. Yaya ni dai ina bayan bidiyon haɗa kwamfutar gem, kar su kashe maka gwiwa, mu ma muna nan kuma mu ne muke kallo har ƙarshe muna turawa a guruf. Amma ba irin ta Turawa mai fitilu kala-kala da RTX 4090 ba, wannan ko a mafarki. Ka samo tsohuwar Dell OptiPlex irin ta ofis ka sa mata katin hoto GTX 1650 wadda ba ta buƙatar ƙarin waya daga fawa saflai tunda wat 75 take sha daga bod, ka ƙara RAM ya kai 16GB, mu ga ko za ta ja ƙwallo da GTA V lafiya. Ko ka haɗa da furosesar Ryzen 5 5600G ba katin hoto ma gaba ɗaya. Kuma ka yi mana magana kan katunan hannu irin RX 580, don da yawansu an yi haƙar kirifto da su dare da rana kafin kirifton Ethereum ta daina wannan tsarin a Satumban 2022 aka zubo su kasuwa, ya za a gane wanda ya gaji? Sannan zafi, duk gwajin da muke gani a ɗaki mai AC ake yi, kai ka yi naka a watan Afrilu da rana tsaka lokacin da Kano take haura digiri 40, ka buɗe ka nuna ƙurar da ta toshe fankar, ka sa sabon man furosesa, a ga digiri nawa ya sauka.

Ɗan_Katsinan_Maradi

Gaisuwa daga Maradi malam, muna kallonka a nan. Roƙona biyu ne. Mu laftof ɗinmu da yawa daga Faransa suke zuwa da kibod AZERTY, in mutum ya sayo ta Najeriya kuma QWERTY ce, sai ka ga an danna A ta fito Q, mutum ya ɗauka lalacewa ta yi alhali saiti ne. Ka nuna yadda ake canzawa, ka haɗa da yadda ake rubuta ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta, don a waya Gboard tana da Hausa amma a laftof mutane sun rasa yadda za su yi. Na biyu tsawon bidiyo, data tana da tsada, in ya wuce minti goma ni dai sai na samu waifai nake buɗewa, kuma yawancinmu a ƙaramin hoto muke kallo, don haka in za ka nuna rubutu a sikirin ka matso da shi sosai. In ka faɗi farashi ka riƙa faɗin watan da ka saya, mu ma mu juya shi zuwa sefa.

Af, da filas na jabu. An rubuta 1TB a jiki da kuɗin da bai kai na 32GB ba, ka zuba hotunan biki su shiga lafiya, ranar da za ka buɗe babu komai. Akwai manhajar H2testw da take cika shi ta karanta ta tona asirinsa, wannan ma bidiyo ne guda.

Ɗan_Sukudireba

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Ilham naka zan fara, zan nemi wani mai shago da muke mutunci ya bar ni na ɗauka a wajensa, in raba shi kashi biyu don kar ya wuce minti goma kamar yadda ɗan uwanmu na Maradi ya ce. Hajiya in sha Allah na biyu naki ne, zan nemo mitar, kuma Mai Sola in ba damuwa ina so ka duba min lissafin kafin na saka don ba fannina ba ne sosai. Abba kai kuma ka yi haƙuri zuwa bazara tunda kai da bakinka ka ce a yi cikin zafi, OptiPlex ɗin akwai wata a shago, katin ne sai na nema. Wanda yake da filas ɗin da yake zargi ko batirin laftof da ya kumbura kar ya yar, ya yi min magana ta inbos ina buƙatarsu.