Lissafin garken awaki: ta ina zan shigar da fari?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Ina rubutun kammala karatu a jami'ar André Salifou, kan yadda garken awaki ke ƙaruwa a yankin Tanut. Na ba kwamfuta matsakaicin haihuwa da na mutuwa, sai ta zana mini layi mai hawa sumul har shekara 20. Raina bai kwanta ba, don duk gidanmu an san abin da farin 1984 ya yi wa dabbobi. Ta ina zan shigar da shi?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. Matsakaicin nan shi ne ya rufe maka ido. Ɗauki awaki 100. Damina ta yi kyau, sun ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, sun zama 130. Fari ya biyo baya, ya ci kashi 30, saura 91. Matsakaici zai ce ba riba ba hasara, alhali tara sun tafi. Ƙaruwar garke ninki ce, shi ya sa.

Bar kwamfuta ta jefa ƙuri'a kowace shekara, damina ko fari, ka maimaita sau 1000. Hanyar Monte Carlo ke nan. Sannan ka ƙirga garke nawa suka ƙare ƙurmus. Ka tuna fari kan zo a jere, kamar 1983 da 1984, kada ƙuri'ar bana ta manta da ta bara.

Ƴar Mirriya:
Malam, a yi mini izini in ƙara. Wane garke ake nufi? A ce fari na kashe rabi, kowace akuya da nata rabo. Gwaggona mai awaki uku, cikin takwas sau ɗaya za ta wayi gari turke wayam. Mai 20 kuwa, wajen sau ɗaya cikin miliyan. Fari ɗaya ne ya same su. Kuma turken da ba akuya ba ya haihuwa ko damina ta dawo, sai in an ba ta habbanaye, wato aron akuya ta haifa mata ƴaƴa kafin a mayar wa mai ita. Wannan ne ke ci mini rai: in ka haɗa su a jimla ɗaya, matan karkara sun ɓace daga lissafinka.

Ka kuma ware ƴan awaki da uwaye, irin jadawalin Leslie na 1945 mai raba dabbobi bisa shekarunsu, don ƙanana sun fi saurin mutuwa.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri, Malam. Yaya, zan raba gidaje bisa girman garke, in sa habbanaye a matsayin hanyar dawowa daga sifiri. Tambaya ta ƙarshe: akuyar da aka sayar don sayen hatsi lokacin fari, a mutuwa zan sa ta ko a wani gurbi dabam?