Katsun kaza a na'urar suya da iska: in saya ko in ci gaba da kasko?

Maman Sadiƙ, Tsukuba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zama a Japan. Ɗana yana aji biyu na firamare, kuma ba ya cin abincin rana na makaranta, ni ce ke dafa masa in zuba a ɗan akwatin abinci da suke kira bento. Duk ƙarshen wata ana aiko mana da jadawalin abincin watan gobe, ni kuma ina ƙoƙarin yi masa abin da ya yi kama da na 'yan ajinsu, don kada ya riƙa ganin kansa daban. Ranar Alhamis ta makon gobe tonkatsu za a ba su, wato yankan naman alade da ake turmusawa a fulawa da ƙwai da garin burodin da suke kira panko, sannan a soya. Sau biyu na yi masa irinsa da ƙirjin kaza a kasko, wato katsun kaza, ya kuma cinye tas, sai dai suya bayan sallar asuba a ɗan kicin ɗinmu wahala ce, ƙauri ya kama labule, ga tsohon mai da ba a zubarwa a kwata sai an sa masa garin da ke daskarar da shi. Shi ya sa nake tunanin sayen na'urar suya da iska mai zafi, wadda a nan suke kira nonfuraiya. Abubuwa uku ne suka tsaya mini: wutar gidanmu amfiya 20 ce, saura wata 14 maigida ya kammala karatu mu koma Zariya, sannan katsun zai zauna a rufe daga ƙarfe bakwai har tsakar rana. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini gaskiya.

Hajiya Babba, Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Ki saya kawai, kada ki tsaya dogon tunani. Na sayi tawa bara a kasuwar Sabon Gari kan naira dubu sittin da biyar, kuma tun daga lokacin da ita nake gasa kaza da dankalin turawa, har samosa a watan azumi. Man gyaɗan da muke sha a wata ya ragu ƙwarai. Matsalarta ɗaya, injin hasken rana na gidanmu ba ya ɗaukarta, sai an kawo wuta.

Baban Amira, Sendai

Maman Sadiƙ, Allah ya saka miki da alheri da kike dafa wa yaron nan a gida, domin ni sunan katsu ma ba na son ji, kuma bari in faɗi dalili. Na zo ƙasar nan a 2016 ba na iya karanta ko harafi ɗaya. Kusa da jami'armu akwai wani ɗan gidan abinci na wani dattijo da matarsa, kujeru ba su fi goma ba. Wani ɗan ƙasarmu da ya riga ni zuwa shi ya kai ni, ya ce in riƙa cewa chikin katsu, kaza ce, babu komai. Wata bakwai ina zuwa duk Juma'a bayan na sauko daga masallaci. Dattijon har ya san ni, yana ƙara mini kabeji da shinkafa ba tare da na roƙa ba.

Wata rana na tafi da wani abokin karatuna Bajapane. Muna jiran abinci sai ya nuna mini wani allon katako da ke rataye a saman inda nake zama kullum, ya ce wannan gida da gaske suke yi, da kitse zalla suke suya. Na ce kitsen me? Ya yi shiru, fuskarsa ta canza, sannan ya ce na alade, kuma tukunya ɗaya ce ake soya komai a ciki. Ashe rubutun da na yi wata bakwai ina zama a ƙarƙashinsa alfahari ne da wannan kitsen. Na tashi na fita, ban kai kwanar titi ba na yi amai. Na fi shekara ban iya gaya wa iyalina ba. Dattijon bai cuce ni ba, ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai san addinina ba. Wanda nake jin zafinsa har yau shi ne ɗan uwan da ya san yaren ya ce mini babu komai.

Ummu Khadija, Nagoya

Innalillahi. Baban Amira, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, ka daina azabtar da kanka. Mu ma a nan miso katsu, wato tonkatsu da miyar waken suya da suke kira miso, shi ne abin alfaharin gari, duk baƙon da ya zo sai an ce za a kai shi ya ci, kuma kullum sai mun yi bayani daga farko. Maman Sadiƙ, maganar kuɗi kuwa, ni na samu tawa ta hannu a shagon kayan hannu na Hard Off kan yen 3,000, kuma tana aiki lafiya shekara biyu ke nan. Tunda za ku tafi, me zai sa ki sayi sabuwa?

Baban Amira, Sendai

Ummu Khadija, ta hannu fa? A ƙasar da naman alade yake cikin abincin kusan kowane gida? Kwandon na'urar ana iya wankewa, amma ki kifa ta ki leƙa sama wajen ƙarfen da ke yin zafi da fankar da ke bayansa, za ki ga maiƙon da ya daskare inda soso ba ya kaiwa. Ni ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba.

Ummu Khadija, Nagoya

Na wanke ta sarai, kuma na tambayi malami kafin in fara amfani da ita. Ban zo nan don a yi mini fatawa ba.

Malam Injiniya, Chiba

'Yan uwa, baiwar Allah nan ta yi tambaya a kan wuta, babu wanda ya taɓa wajen. Wutar Japan bolt 100 ce, saboda haka amfiya 20 tana nufin gidan gaba ɗaya ba zai ja fiye da wat 2,000 a lokaci guda ba. Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1,200 zuwa 1,400. Idan kin kunna ta da asuba, tukunyar shinkafa tana aiki, ga na'urar ɗumama ɗaki a lokacin sanyi, babu makawa wutar gidan za ta yanke. Ana iya neman kamfanin wuta ya ɗaga ta zuwa amfiya 30, amma kuɗin da ake biya duk wata zai ƙaru, kuma a gidan haya sai an fara tuntuɓar mai gida. Game da komawa Zariya kuwa, wutar Najeriya bolt 230 ce. In kika jona ta kai tsaye za ta ƙone nan take, taransifomar da za ta ɗauki wat 1,400 kuma tana da nauyi da tsada, ta fi ƙarfin abin da ake son a ceta. Ki ɗauka cewa na'urar wata 14 za ki saya. Sabuwa mai kyau yen 12,000 ce zuwa sama.

Anti Osaka

Malam, ba na jin haka ne. Shekara goma sha ɗaya nake ƙasar nan, ina kunna tawa tare da tukunyar shinkafa, ko sau ɗaya wuta ba ta taɓa yankewa ba. Kuma sabuwa na saya a intanet kan yen 6,800, ban san inda ka ga 12,000 ba. Ita mace ce take tambayar girki, ku bar masu shiga kicin su ba ta amsa.

Malam Injiniya, Chiba

Anti, da girmamawa, yankinku na Kansai ba a yin kwantiragin wuta da lissafin amfiya kamar yankin Tokyo da Ibaraki inda take zaune, don haka abin da kika gani a Osaka ba hujja ba ne a Tsukuba. Ta yen 6,800 kuma ina kyautata zaton ƙarama ce, wadda yanka ɗaya ke cika ta.

Ɗalibin Fukuoka

Tunda kalmar katsu ta yi daidai da kalmarsu ta cin nasara, har ɗalibai suke cinsa a jajibirin jarrabawa, ni shawarata Maman Sadiƙ ta saya, ranar da maigida zai kare kundinsa a soya masa yanka biyu, farfesoshi su rasa abin tambaya.

Yaya Saitama

Ƙanwata, na yi shekara uku ina aikin wucin gadi a wani kamfanin haɗa bento, kuma a gida da na'urar nake yi wa yarana, don haka ga abin da hannuna ya sani. Kuskuren da kowa ke yi shi ne zuba panko fari yadda yake a leda. Iska mai zafi ba ta ba shi launi kamar mai, sai naman ya bushe garin yana nan fari da ɗigon ƙuna nan da can. Tun da dare ki zuba panko kofi ɗaya a kasko da mai cokali ɗaya, ki rage wuta ki yi ta juyawa har ya yi ja kamar soyayyar gyaɗa, ki juye a faranti ya huce. Ƙirjin kazar ki tsaga shi a kwance, ki rufe da leda ki bubbuga da muciya har kaurinsa ya daidaita kamar santimita ɗaya da rabi, ki sa gishiri da masoro. In ta daskararriya ce irin ta Brazil mai tambarin halal da muke saye a kantin Gyomu Super, sai kin tsane ruwanta da kyau, in ba haka ba rigar za ta saɓule. Daga nan fulawa kaɗan a kakkaɓe, sai ƙwai, sai panko, ki danna da tafin hannu. Ki bari na'urar ta yi zafi tukuna, digiri 190, minti shida ki juya, ki ƙara biyar. Ki yanka mafi kauri ki duba, kada a ga ja ko kaɗan.

Amma tambayarki ta uku ita ce babba, kuma amsarta ba ta da alaƙa da na'ura. Abin da ke sa katsu ya yi laushi a bento tururi ne. A kamfani ba a taɓa rufe murfi a kan abu mai zafi. Ki ɗora shi a kan raga ya huce gaba ɗaya, shinkafar ma ta huce, ki shimfiɗa yankakken kabeji busasshe a ƙarƙashinsa, miyar kuma a ɗan kwalba daban yaron ya zuba da kansa. Zan faɗa miki gaskiya, na kasko ya fi daɗi da zafinsa, kuma ƙirjin kaza ba shi da kitsen da ke riƙe danshi, saboda haka na na'ura ya fi saurin bushewa. Cinya ta fi jurewa. Amma da tsakar rana, bayan duka sun huce, yarana ba sa bambancewa.

Baban Amira, Sendai

Yaya, shi pankon an duba shi? Burodi ne fa, kuma a bayan leda sau da yawa za ki ga an rubuta shotoningu, wato daskararren mai, da nyukazai, wato sinadarin da ke haɗa mai da ruwa, ba tare da an faɗi ko daga tsiro suke ko daga dabba ba. Miyar tonkatsu ta kwalba ma wasu akwai giya a cikin kayan haɗinsu. Ni yanzu sai na buga wa kamfani waya kafin in sayi abu.

Ummu Khadija, Nagoya

A nan kam na yarda da kai. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, doka ta wajabta a bayyana wasu abubuwa masu tayar da rashin lafiya a jikin leda, irin su alkama da ƙwai da madara da gyaɗa, amma naman alade da jelatin suna cikin jerin da aka ba da shawara kawai. Don haka rashin ganinsa a wannan jeri ba ya kwantar da hankali. Na taɓa buga waya kan garin burodi ɗaya sau biyu, aka ba ni amsa iri biyu. Yanzu burodin shagon halal nake busarwa in goga a magogi.

Maman Sadiƙ, Tsukuba

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya Saitama, daren jiya na soya panko kamar yadda kika ce, ya yi kyau, yana cikin kwalba. Sai dai maganar Baban Amira ta sa na ɗauko ledar na duba, kuma akwai shotoningu a jiki, yanzu ban san ko in yi amfani da shi ba. Maigida ya ce maganar Malam Injiniya ita ce gaskiya, ni kuma har yanzu zuciyata tana kan na'urar. Anti, mene ne girman taki?

Anti Osaka

Zan duba in faɗa miki. Amma ke kin ma yi sa'a da ake ba ki jadawali tun ƙarshen wata. A makarantar 'yata sai na bi sawu sau biyu kafin a ba ni takardar da ke ɗauke da kayan haɗin kowane abinci, kuma a zangon da ya wuce an canza abincin wata rana ba a sanar da ni ba. Yarinya ta buɗe bento da soyayyen kifi, kowa a ajin yana cin shinkafa da irin miyar korin nan tasu. Ta dawo ba ta taɓa abincin ba, ta ce gobe ba za ta je ba. Na kwana ina lallashi.

Yaya Saitama

Mu kuma madara kawai muke karɓa a makaranta, amma sai da aka yi wata uku ana cire mana kuɗin abinci cikakke kafin a gyara. Anti, ke wa kika samu kan maganar, malamar aji ko mai kula da abinci?