Neman shawara: zan fita yawon ƙafa da Mama ranar Asabar

Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani ɗan ƙauye a gefen birni, titi ɗaya ne dogo, shaguna da gidajen abinci a jere hagu da dama. Ina so ranar Asabar in kai mahaifiyata da ɗana mai shekara 4 mu ɗan zaga a ƙafa. Sai dai Mama na fama da ciwon gwiwa. Wancan karon ko rabin titin ba mu kai ba ta nemi dakali ta zauna, yaron ya ɓarke da rigima, muka dawo kowa ransa a ɓace. Yaya zan tsara abin?

Wata 'yar'uwa: Wa alaikumus salam. Fara auna tsawon titin a Google Maps. Mai lafiya yakan yi kamar kilomita 5 a awa ɗaya, amma da tsohuwa da yaro, ga tsaye-tsaye a ƙofar shago, ko rabin haka kar ka sa rai. Kuma ka ajiye mota a tsakiyar titin, don duk nisan da kuka yi sai kun sake tako shi.

Wani ɗan'uwa: Ku yi sammako. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi zafi.

Wani kuma: Sammakon me, malam? Ƙananan shaguna ba sa buɗewa da wuri a ƙarshen mako. Na taɓa yin haka, sai ƙofofi a garƙame na yi ta kallo. Bayan la'asar ya fi. Kuma kar ka dogara da lokutan da ke intanet, buga waya ka tambaya.

Wata dattijuwa: Ɗana, ni sa'ar mamanka ce, gwiwar nan ni ma ita ke damuna. Ba tafiyar ce ta fi wahalar da mu ba, tsayuwa wuri ɗaya ce, kuna taya kaya muna jiranku. Sai saukowa daga matakala, sai tashi daga gajeriyar kujera, har sai na dafa tebur da hannu biyu. Ka nemi gidan abinci da ke ƙasa, mai kujera doguwa mai majingina, banɗaki a kusa. Ku je kafin wurin ya cika, ka zaunar da ita kusa da taga. Kai da yaron ku leƙa shago biyu ku dawo ku nuna mata abin da kuka sayo. Wallahi kallon masu wucewa ma daɗi gare shi. Af, ka ma tambaye ta wane shago take son shiga?

Mai tambaya: Gaskiya Hajiya ban tambaye ta ba. Yanzu na kira ta, wai ita shagon furannin da ke farkon titin kaɗai take so. Can zan ajiye motar ke nan. Na gode ƙwarai.