Za mu aika iyali aikin bishara ƙasar Maraɗi: me za mu shirya kafin su tashi?

Sakataren_Kwamitin_Mishan:
Gaisuwa cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Ikilisiyarmu ta amince ta ɗauki nauyin wani mai bishara da matarsa da yara uku, za su je su zauna a wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Hausa suke ji kamar kowa, harshe ba zai zama matsala ba. Abin da muke nema: takardu, lissafin kuɗi, lafiya, da yadda zamansu da maƙwabta zai zama shaida. Waɗanda suka san aikin, ku taimaka.

Dattijo_Mai_Ritaya:
Ɗana, kafin fasfo akwai wasiƙa. Ƙasar da za ku ba fili ba ce da babu kowa. Ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram tun 1924, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, akwai kuma ikilisiyar ƙasa, EERN, da fastocinta a yankin Maraɗi. Ku rubuta musu, su ne za su ce wane ƙauye ke da buƙata, su kuma kai baƙon gaban maigari. Wanda ya sauka ba tare da mai gabatarwa ba, watanni zai yi ana kallonsa da ido ɗaya. Idan ku 'yan ikilisiyar ECWA ne, ku bi ta EMS, ƙungiyarta ta aikin bishara da ke Jos, wadda ke aika masu bishara tun 1948. Ikilisiya ɗaya da ta aika mutum ita kaɗai, ran da aka yi wa fastonta canji, sau da yawa ranar ce ake mance da wanda ke daji.

Takardu kuwa: fasfo na ƙasa da ƙasa ga kowa har jariri, takardun haihuwar yara, takardar aure, da wasiƙar ikilisiyar da ta gayyace su, da Faransanci. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, saboda haka kada ku dogara da yadda ake yi a da. Ku je ofishin jakadancin Nijar da ke Kano ku tambayi abin da ake buƙata don izinin zama. Shiga kasuwar Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa a dawo da yamma daban, zama shekaru daban.

Ma'ajin_Gunduma:
Baba ya gama da takardu, ni kuɗi zan taɓa, domin nan ne yawanci aikin ke karyewa. Baiko da naira kuke tarawa, su kuma da sefa za su ci abinci. Sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa daga wajen 460 a kan dala a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Duk mai bisharar da aka yanka wa albashi da naira kafin lokacin, ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai rabin na da ba, alhali a littafin ma'aji ba a rage masa ko kwabo ba. Don haka ku rubuta alkawarin da sefa: kaza a wata. In naira ta faɗi, ikilisiya ce za ta cike giɓin, ba tukunyar matarsa ba.

Ku raba kuɗin gida uku, kada a gauraya: na ci da sha, na aiki (man babur, littattafai, tafiye-tafiye), da na gaggawa. Na gaggawar ya kai na wata uku, ya kasance yana can a hannunsu. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa a Agustan 2023 har Maris ɗin 2024. Wanda ke jiran direba ya kawo masa saƙo kowane wata, a irin wannan lokaci bashi zai shiga.

Hatsi a saye shi da kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, a dunƙule. Ku lissafa kusan buhu biyu na kilo 100 ga kowane babba a shekara, yara ƙasa da haka, ku ƙara buhu biyu na baƙi, don gidan mai bishara ba ya rabo da baƙi. Daga Yuni zuwa Agusta gero yana tsada, a lokacin ne kuma maƙwabta za su zo neman tiya ɗaya ko biyu. Wake a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban. In iska ta shiga, ƙwari sun gama da shi. Su kuma koyi lissafin kasuwa tun kafin su tafi: da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar.

Maman_Asibiti:
Allurar rigakafin cutar shawara sau ɗaya ake yi, amma katin ba ya aiki sai bayan kwana 10, kada a bari sai ana gobe tafiya. A yi ta sanƙarau ma, lokacinta rani ne da ƙura. Gidan sauro mai magani ga kowane gado. Yara 'yan wata 3 zuwa 59 ana ba su maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata da damina, a kai su kada a tsallake zagaye. Ruwan rijiya a tafasa. In gudawa ta kama yaro babu ORS (garin gishiri da sukari na gudawa) a kusa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin in ya yi yawa yana cutarwa, a auna.

Abin da kwamitoci ke mantawa shi ne matar. Mijin yana fita, ita ce ke wuni a gida da yara, ba 'yar'uwa ba Zumuntar Mata. Ku tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban mijinta ba, ko ta yarda da tafiyar. Makarantar yara kuma yawanci da Faransanci ake koyarwa, ana komawa a Oktoba. Ku yanke shawara tun yanzu: ko su shiga can, ko babban ya zauna wajen dangi.

Malamin_Makarantar_Bishara:
Kan batun shaida, a ƙauye wa'azin farko ba a bakin mutum yake ba. Ana duba ko yana biyan bashin mai shago ranar da ya ce, ko yana zuwa gaisuwar mutuwa da suna, yadda matarsa ke sa tufafi in za ta rijiya, yadda yaransa ke gaida manya. Naman alade da giya kada su shiga gidan ko da wasa. Ran Kirsimeti a ba mahaucin gari ya yanka akuyar, don maƙwabta Musulmi su iya cin abin da aka kai musu. Da azumi kada a ci abinci a ƙofar gida. Lasifika a bar ta a Najeriya. Taimako, ko magani ko hatsi, a ba kowa ba tare da sharaɗin zuwa sujada ba. In aka haɗa su, gari zai ce sayen mutane ake yi, kuma waɗanda suka zo don buhu za su tafi ran da ya ƙare. Hotunan masu bi kada a sa su a Facebook don burge masu ba da baiko. An ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, mutanen can ba su manta ba.

Ya tafi da sana'a a hannu, ɗinki ko gyaran sola ko noman rani. Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Korinti, Ayyukan Manzanni 18.

Ma'ajin_Gunduma:
Malam, sana'a na yarda, amma da sharaɗi. Kada ta zama wadda wani ɗan gari ke ci da ita; in ƙauyen tela ɗaya gare shi, baƙo ya kafa keke kusa da shi, ya yi maƙiyi tun makon farko. Kada kuma kwamiti ya fake da ita ya rage tallafi. Mai gyaran sola a ƙauye rabin aikinsa bashi ne sai kaka, kuma mai bishara ba zai iya kai maƙwabcinsa ƙara wurin maigari a kan kuɗin batir ba. Sakatare, ku sa a rubuce cewa shekara biyun farko cikakken tallafi ne, kuma mutum biyu daga kwamiti za su je su kwana a gidan sau ɗaya a shekara, da damina, lokacin da hanya ta fi muni.