Neman shawara: fim kan yaron da ya nufi Kano a yunwar El-Buhari

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Muna shirya fim na kallon iyali a nan Damagaram: yaro ɗan shekara 15 ya bar ƙauyensu ya nufi Kano cin rani a yunwar El-Buhari. Kuɗinmu kaɗan ne. Me za mu kiyaye don kada dattawan da suka ga zamanin su ce ba haka aka yi ba?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da tsaida lokaci. Daminar 1984 ce ta ƙi, wuya ta kai wuya a bazarar 1985 bayan rumbuna sun ƙare. Najeriya, ƙarƙashin mulkin Janar Buhari, ta rufe iyakokinta tun Afrilun 1984, daga nan sunan yunwar ya samo asali, ba a buɗe ba sai 1986. Ke nan yaronku ba zai wuce mashigar iyaka ta Dan Barto a mota ido na ganin ido ba. Ya hau kamyo ko Fijo 404 zuwa Matamaye, daga can ya bi ɓarauniyar hanya da ƙafa har ƙasar Daura. Kuɗi a ƙirga su da dala da jika, kuma kada takardun sefa na yanzu su bayyana, a 2003 aka fito da su.

Hajiyar Zango: Ɗana, a tukunya ake nuna yunwa. Ku nuna uwa tana jiƙa anza kwana da kwanaki tana sauya ruwa har ɗacin ya fita, don wanda ya ci ba a jiƙa sosai ba ciki zai ɗauka. Ku nuna ana sussukar ƙarangiya don tsabarta, ana dafa dusa, ana layin jar dawar taimako da tiya a hannu. Kwanon sha na ƙwarya ko na samira. Tunda yara za su kalla, fatar saniya a shanye ta isa, ba sai an kawo mushe ba. Kuma don Allah kada a hana yaron abinci wai don ya rame. Riga mai yi masa yawa ta wadatar.

Mai ɗaukar sauti: Malam, ku ɗauka tsakanin Maris da Mayu, da safe kafin 10 ko bayan la'asar. Ruwa na sauka ƙasa za ta yi kore, labarin ya rushe. Iska ce abokiyar gabar makirfo, a rufe shi da soso mai gashi. Kunne ya kula da ƙarar babur da wayar salula, ido ya kula da leda, farantin sola da kujerar roba, a share filin kafin a kunna kyamara. A ɗinka wa yaron riga iri ɗaya guda 3, a tsufar da su da ruwan shayi da ƙasa, a gama fitowarsa cikin hutu ɗaya, don muryar ɗan shekara 15 kan buɗe cikin 'yan watanni. Ku karɓi yardar iyayensa a rubuce, ku gaida fada kafin ku shiga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, kuma kada ku kusanci iyaka da kyamara sai da takardar hukuma.