Ɗaukar sautin ƙaramar ƙungiyar makaɗan bayolin a Kano: zaure ko situdiyo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Makaɗa 12 ne: bayolin 7, biyola 2, chelo 2, bes 1 (duk dangin bayolin ne, kowanne ya fi na gabansa girma). Za a naɗi kiɗansu na Turai a nan Kano cikin Janairu. Situdiyon waƙa za a shiga ko zaure? Makirfo nawa?

Injiniyan sauti: Wa alaikumus salam, Malam. Ku bar zancen situdiyo. Soson da ke jikin bango yana shanye amo, sai bayolin ya fito a bushe da kaifi. A nemi zaure mai dogon rufi da silin, wanda in an tafa amsa-kuwwar za ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. In ta zarce haka, a shimfiɗa kafet, a saki labule.

Makirfo biyu na kwandensa (irin masu saurin jin ƙaramin sauti) sun isa, iri ɗaya, masu ɗaukar abin da ke gabansu. A jera su bisa tsarin ORTF na gidan rediyon Faransa: santimita 17 tsakanin kawunansu, buɗin digiri 110. A ɗaga su mita 3, su tsaya kamar mita 2 daga sahun gaba. In aka matso da su, ƙarar gogar izga ce za ta cika kunne, makaɗan baya kuma su ɓace. Makirfon suna buƙatar wuta bolt 48 ta wayar XLR, wato wayar makirfo mai haƙori uku. A saita ingancin naɗi a 24-bit, 48 kHz, kada wuri mafi ƙarfi ya wuce -12 dB a ma'aunin ƙarar na'urar.

Mai haɗa sauti: Yallaɓai ya gama magana, saura hayaniya. Janareta ba ta shiga wannan aiki: ga ƙugi, ga zuzar da take sakawa cikin waya. Batir da inbata kawai, fanka a kashe. A fara bayan Isha'i, lokacin hon ɗin adaidaita sahu ya lafa, kwanon rufi ma ya huce ya daina ƙas-ƙas. A naɗi minti ɗaya na shirun ɗakin, don cike gurbi wajen haɗawa.

Mai gyaran kayan kiɗa: Ni Janairun ce damuwata, 'yan'uwa. Katakon bayolin yana son laimar kashi 40 zuwa 60, hunturun Kano kuwa yakan sauko da ita ƙasa da 20. Katako ya tsuke, maɗaurin tsirkiya ya kwance ana cikin kiɗa, manne ya saki, wani lokaci har fuskar ta tsage. A sa jiƙaƙƙen soso cikin ledar da aka huhhuda, a ajiye a akwatin, kada ya taɓa katakon. Kayan su huta awa ɗaya a zauren kafin a fara, sannan a sake saita tsirkiya a kan 440 Hz, wato amon A da ake daidaita kiɗa da shi, kafin kowace ɗauka, in ba haka ba gutsattsarin ba za su haɗu ba.